Kafin Ka Ce a Sallami Kocinku

Janfalan, ta Ikara.

Zuwa ga ɗana Hamisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko a cikin mota ka buɗe ta, ko sai ka sauka Legas. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare direbanku daga gyangyaɗi da gaggawa, Ya sada ka da abokan aikinka cikin alheri. Na ce innarka ta sa ta a ƙasan jakarka, tare da wani ƙunshi da za ka gani.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ban zauna a aji ba, ɗan abin da hannuna ya iya na yaƙi da jahilci ne, kuma yau kwana huɗu ina fama da wannan. Da baki na so in faɗa maka, amma ni da kai ba mu iya zama mu yi magana ba. Ina farawa sai ka sunkuyar da kai ka ce, “To, Baba.” Ni kuma in ji haushin wannan “to” ɗin in ɗaga murya, shi ke nan an tashi. Takarda ba ta ɗaga murya.

Gobe ba zan raka ka tashar Ikara ba. Kada ka ɗauka fushi ne. Dalilin yana can ƙarshe, amma kada ka tsallaka, ka bi ta a jere.

Ga abin da ka gaya mini ranar Asabar a gindin darbejiya, in na fahimce ka daidai. Ku huɗu ne a tim ɗinku, kuna wasan harbin nan na waya, ana biyanku albashi a kai, abin da har yau kaina bai gama ɗauka ba. Mai kulob ɗin ya kawo muku sabon koci wata biyu da suka wuce. Tun zuwansa kun shiga gasa biyu, duka an fitar da ku da wuri. Sannan ya karɓe aikin da ka shekara uku kana yi, wato kai ne mai magana a kunnen sauran, ka ce a shiga nan, a ja da baya, a dakata, ya ba abokinka Tunde. Yanzu mai kulob ya ce kai ne kyaftin, kai ka fi kowa daɗewa, in ka koma ka gaya masa: a riƙe mutumin ko a sallame shi, kuma abin da ka ce shi za a yi. Ka ce mini ka riga ka yanke. Ka ce, “Baba, mutumin bai san komai ba. Sakamako ya nuna.”

Ban ce maka komai ba a lokacin. Ka ɗauka ban gane ba ne, ko ban damu ba. Wasanku kam ban san shi ba, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa fadamar raken da ka bari ta fi shi. Wannan ba zan janye ba. Amma mutum huɗu a kan aiki ɗaya, da baƙon da aka kawo ya gyara su, wannan na san shi. Sau biyu irin wannan hukunci ya zo hannuna, sau biyu na yi kuskure, kuma kuskuren ne ya mayar da gidanmu yadda ka tashi ka same shi.

Injin nan da ke bayan rumbu, wanda kuka riƙa hawa kuna yara har tsatsa ta ɓata muku wanduna, ba don ado aka ajiye shi ba. Kafin a haife ka, daga nan har Makarfi, in aka ce mazarƙwailar gidan Tanimu ba a tambayar wane Tanimu. Aikin na mutum huɗu ne, kamar naku. Ɗaya yana kora doki yana zagaya inji, ɗaya yana cusa rake, ɗaya yana kan wuta, ɗaya yana kan kasko yana kwashe kumfa. Kuma duk wahalar yinin a kan magana ɗaya ta rataya: wanda zai dubi ruwan raken yana tafasa ya ce, “Ta yi, a sauke.” In ya yi sauri, ba za ta daskare ba. In ya makara, ta ƙone ta yi baƙi ta yi ɗaci. Ni ne a kan kasko, ni ne mai faɗin wannan kalma. A kanmu mu huɗun kuma akwai babban ma'aikaci, wanda ba lalle ya taɓa komai da hannunsa ba, amma shi ke tsara kowa, shi ke ganin abin da mai aiki ba ya gani don kansa yana sunkuye. Mu ba mu ce masa koci ba, amma shi ne.

Namu sunansa Baba Audu. Tare da injin da dokin na gaje shi daga mahaifina. Sai aka yi shekara biyu a jere mazarƙwailarmu tana fitowa baƙa, mai laushi, 'yan sari su ɗaga su juya su ajiye. Na ce tsufa ne ya kama shi. A kasuwar Makarfi na haɗu da wani Garba, mutumin wajen Kudan, mai baki kamar rediyo. Ya ɗauki tamu ya gutsura ya tofar, ya ce, “Maigida, ba rakenka ba ne. Hannun da ke kansa ne ya mutu. Ba ni shekara ɗaya ka gani.” Maganar ta yi mini daɗi, don ta ɗauke laifi daga kaina. Na dawo gida na sallami Baba Audu. Bai yi gardama ba. Ya ɗauki sandarsa ya ce, “Allah Ya sa haka ya fi alheri, Tanimu. A dai riƙa duba wuyan dokin nan.”

Shekarar Garba ta farko mazarƙwaila ta fito ja, tas, mai ƙarfi, in ka buga biyu sai ka ji ƙara. Na riƙa yawo da ita a aljihu ina nuna wa mutane. Na ce na san mutum in na gan shi. Abin da ban yi ba, Hamisu, taku goma ne kawai: in je rumfar maƙwabcina in duba tasa. Da na je da na ga tasa ma ja ce. Ta kowa ja ce a shekarar, har ta waɗanda ba su taɓa yin mai kyau ba, don ruwa ya ɗauke a kan kari, rake ya yi zaƙi. Shekara biyun da na zargi Baba Audu kuwa, ruwa ne ya kwanta a fadama, ta kowa baƙa ce. Kuma mutanen da suka yi wa Garba aikin, duk horon Baba Audu ne. Garba benci ya samu ya zauna yana karɓar yabo.

Saboda haka in ka ce mini sakamako ya nuna, sai in tambaye ka, ya nuna me? Gasa biyun nan da wa kuka kara? Kai da bakinka ka ce a ta biyun an haɗa ku da waɗanda suka ɗauki kofin. Kai ka ce kamfanin da ya ƙirƙiro wasan ya canza wasu abubuwa a cikinsa a wannan watan, kowa yana lalube. To ka yi takun goman da ban yi ba. Ka duba sauran tim da kuke kai ɗaya da su, waɗanda ba su canza koci ba, ka ga yadda watan ya kasance musu. Wata biyun farko na sabon mutum ba nasa ba ne. In an ci, rabin na wanda ya tafi ne. In an faɗi, haka nan.

Halin Garba sai a shekara ta biyu na gan shi, da rake ya dawo yadda ya saba. Duk kaskon da ya lalace, kafin ma ya sunkuya ya sansana, ya riga ya kira sunan wani. Mai wuta ne, mai cusa rake ne, doki ne. Tsawon zamansa ban taɓa jin ya ce “ni ne” ba. In 'yan sari sun yaba, shi ne a gaba. Mai wutarmu, wanda shi ya fi mu rauni dama, kullum ƙara rikicewa yake in Garba ya tsaya a bayansa. Mai wutar ya bar mana aikin. Mai kora doki ya bi shi. Ranar da na ɗaga abin wuyan dokin na ga gyambo kamar tafin hannuna, sai maganar Baba Audu ta dawo mini. Lokacin ya riga ya rasu. Ban je na ce masa komai ba, kuma yanzu babu inda zan same shi.

To kai ma akwai abin da za ka duba wanda ba ya cikin kofi. Ka ce mini bayan an fitar da ku ya zaunar da ku kun kalli wasan sau uku. Da haushi ka faɗa, kamar horo ya yi muku. Ni tambayata, da ya buɗe baki sunan wa ya fara kira? Ya ce “na tsara ba daidai ba”, ko ya nuna ɗayanku da yatsa? In mai kulob ya shigo, muryarsa tana canzawa? Sannan a cikinku huɗu akwai wanda ya fi rauni, ba sai na san sunansa ba, kowane aiki yana da shi. Ka ja shi gefe, ba a gaban kowa ba, ka tambaye shi: tun zuwan mutumin nan, hannunka ya ƙara sakewa ko ya ƙara ɗaurewa? Gwani ko a hannun wa yake zai yi abin kirki. Mai rauni shi ke nuna maka ko akwai koci a gidan.

Ban ce maka kocinku nagari ne ba. Ban san shi ba, ban taɓa ganin ko hotonsa ba. Mai yiwuwa Garba ne ya sa wando da riga. In shi ne, a sallame shi tun kafin mutanenku su watse, ba zan ji tausayinsa ba. Amma saurari na biyun, don shi ya hana ni sakewa tun ranar Asabar.

Bayan na rabu da Garba na kawo Ɗanjuma, mutumin Nasarawan Doya. Siriri ne, ba ya son magana. Kwana uku ya yi bai gyara komai ba, yana tsugune a inuwa yana kallonmu. Har na fara cewa na ɗauko wa kaina malalaci. A rana ta huɗu, muna cin abincin rana, ga ma'aikata, ga ƙanena Isiyaku, baffanka, wanda lokacin shi ke cusa rake, sai Ɗanjuma ya ce:

“Maigida, zan faɗi magana, ka yi haƙuri da ita.”

Na ce, “Faɗi.”

Ya ce, “Idonka yana makara a kan kasko. Ba da yawa ba, amma kullum. Kana jira ka tabbata, ita kuwa ba ta jira. Isiyaku yana gani kafin kai, na lura da fuskarsa, sai dai ba zai yi magana a gaban yayansa ba. A mayar da shi kasko. Kai kuma ka koma zaɓen rake, don a nan ban ga wanda ya kai ka ba. Daga nesa kake gane wanda ya nuna.”

Isiyaku ya ajiye cokali ya ce, “A'a, ni ina ni ina kaskon Yaya.”

Ɗanjuma ya ce, “Na farkon za su lalace a hannunka, kamar goma. Bayan nan za a ga abin da ba a taɓa gani ba a gidan nan. In ba a gani ba, ni zan tafi da ƙafata.”

Na ce, “To.” Irin “to” ɗin da kake yi mini. A wurina ka gaje ta, na sani.

Har yau ban yafe masa yadda ya faɗe ta ba. Yana iya jana bayan rumbu mu biyu. Ni ne mai inji, ni ne mai doki, ni ne babba, ya tsige ni a gaban ƙanena da 'yan aikina ana cin abinci. Wannan rashin ta ido ne, kuma ko gaban alƙali zan maimaita. Amma ka lura da abin da ya yi wanda Garba bai taɓa yi ba. Ya faɗi abin da zai lalace tun kafin ya lalace, ya faɗi iya inda lalacewar za ta tsaya, ya ɗora kansa a kai. Mai baki yana yi maka alkawarin daɗi ne kawai. Wanda ya san aiki yakan gaya maka inda za a sha wuya da ranar da za a fita. Ka je ka tambayi kocinku haka, ido da ido: me kake gani zai gyaru, a cikin wane lokaci, kuma me za mu gani mu san ya gyaru ko da ba mu ɗauki kofi ba? In ya amsa da abin da za a iya kama shi da shi gobe, ka riƙe. In ya yi ta zagaye, ka riƙe wannan ma.

An mayar da Isiyaku kasko. Na farkon suka lalace, kamar yadda aka faɗa. Ni kuwa ina ƙirgawa. Aka wuce goma, aka kai sha biyar, ba ta daskarewa, sai ta tsaya kamar kunu a cikin kwanuka. Isiyaku ya rame. Ɗanjuma yana ta sansana kasko, yana duba wuta, yana cewa, “Akwai abin da ban gane ba.” Ranar da aka zubar da na sha bakwai na tara su na ce, “Kai ka ce goma. Sakamako ya nuna.” Kalmar da ka faɗa mini ke nan, Hamisu, ba ragi ba ƙari. Ɗanjuma ya ce, “Na faɗa, kuma ban cika ba. Na tafi.” Ya koma garinsu. Shekara ba ta zagayo ba Isiyaku ya bi shi, suka kafa nasu injin a can. Yau mota ke zuwa ɗaukar mazarƙwailarsu. Ni na koma kan kaskona, na ci gaba da makara, har 'yan sari suka daina tsayawa a rumfata, na sayar da dokin, na jingine injin. Baffanka kuwa ka san yadda muke, sai a jana'iza, mu yi musafaha kowa yana kallon wani wuri. Kun taso kuna jin cewa ya ci amanata ya bi bare. Ni na koya muku haka.

Yanzu bari in dawo kanka. Ranar Lahadi na ce ka nuna mini wasan da aka fitar da ku. Ka yi mamaki, don rabon da in taɓa wayarka tun wadda na fasa a kan turmi kana ɗan sakandare. Ka kunna, na ce wanne ne kai, ka ce mai jar alama a ka. Turancin da kuke yi ban ji ko ɗaya ba. Amma na ji murya ɗaya ta yi kira da ƙarfi, ka ce Tunde ne. Na ga uku sun ruga sun shiga wani gida. Na ga mai jar alama ya tsaya a bayan katanga. Bai daɗe ba, kamar a ja numfashi biyu. Sannan ya bi su, ya tarar an gama da su, shi ma aka gama da shi.

Na ce, “Me ya tsayar da kai?”

Ka ce, “Netwok ne, Baba.”

Na ce a mayar da wasan baya. Ka mayar. A wani wurin ma haka, Tunde ya kira, uku suka motsa, mai jar alama ya tsaya.

Na ce, “Netwok ɗin nan kai kaɗai ya sani a cikin huɗu?”

Ka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ka ce kiran nasa ne ba daidai ba, da kai ne ba za ka ce a shiga ba. Mai yiwuwa. Ban san wasan ba. Amma wannan tsayawar na san ta, don na yi ta.

Abin da zan rubuta yanzu ko innarka ba ta sani ba. Ka san rake in aka sare shi ba ya son kwana. In ya yi kwana uku a rana, ruwansa ya juya, ko wa ya dafa shi ba zai daskare ba. Duk mai rake ya san wannan, ni kuma na fi kowa sani, shi ya sa Ɗanjuma ya ba ni zaɓen. To ni na riƙa sa a sare da yawa, in bar dami a bakin fadama rana tana dukansa, in sa a kwaso shi a cakuɗa da sabo. Ban taɓa zama na ce wa kaina “bari in ɓata musu” ba. Cewa nake, ai ni an ce ban iya ba, to su da suka iya su yi mu gani. Ina wucewa ta gefen damin in kau da kai. Goman farko na Isiyaku ne, yana koyo. Bakwan da suka biyo baya nawa ne. Ɗanjuma ya duba wuta, ya duba kasko, ya duba ƙanena, bai taɓa duba raken ba, don bai zaci mai gida zai yi wa gidansa haka ba. Da wannan bakwan na kore shi. Na tsaya a gaban mutane na kafa hujja da ɓarnar da na yi da hannuna.

Shekara ashirin da wani abu ina cewa an wulaƙanta ni. An wulaƙanta ni ɗin, ban fasa cewa ba. Amma ban taɓa gwada mutumin nan ba, Hamisu. Ba a gwada tsarin mutum alhali ana riƙe da ƙafarsa. Abin da na auna ba aikin Ɗanjuma ba ne, zafin da ke ƙirjina ne, na sa masa suna sakamako.

Don haka ga abin da nake so da kai, kuma ban saba roƙonka ba. In ka isa, kada ka ba mai kulob amsa. Ka ce masa a matsayinka na kyaftin ba ka da amsar gaskiya tukuna, ya ba ka zuwa ƙarshen babbar gasar da ka ce tana tafe. In ya tambaye ka dalili, ka gaya masa kai aka karɓe wa aiki, bakinka ba zai yi adalci ba yanzu. Ba zai raina ka ba, in mutum ne. A tsakanin nan, in Tunde ya kira, ka shiga. Ko kana ganin kuskure ne, ka shiga tare da su a kan lokaci, in an fito ka faɗa masa a gaban koci inda ka ga ya kauce. Tunde zai makara, zai yi gaggawa, goman farkonsa ne, kai ma wani ya haƙura da naka. Kuma ka tambayi kocin abin da ya gani a wurinka da ya sa ya sauke maka magana. Ɗanjuma ya ce mini ba wanda ya kai ni zaɓen rake, ban ji wannan rabin ba sam, kunnena ya tsaya a kan rabin farko. Wataƙila kai ma an gaya maka naka rabin, ba ka ji ba. Ni dai a wasan da ka nuna mini, in ban da wuraren da ka tsaya, na ga mai jar alama ya fi kowa kayar da mutane.

In ka yi haka da zuciya ɗaya har ƙarshen gasar, ka duba maƙwabta, ka duba mai rauninku, ka duba ko abin da mutumin ya ce zai gyaru ya gyaru, sannan ka ga ba shi da amfani, to ka je ka ce a sallame shi, ka yi barcinka. Wannan hukunci ne. Wanda ka zo da shi gida ba hukunci ba ne, ramuwa ce. Kuma ba kocin kaɗai za ta ci ba. Shi zai sami wani kulob. Kai za a mayar maka da maganarka a kunnen mutum uku da suka ga ka tsaya a bayan katanga. Kada ka ɗauka ba su gani ba. Ni da ban san komai ba na gani.

Ƙunshin da ke jakarka mazarƙwaila ce guda biyu. Ranar kasuwar Makarfi da ta wuce na hau acaɓa na je, na zagaya rumfar baffanka sau biyu kafin in tsaya. Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe har yana ture faranti.

Ya ce, “Yaya? Lafiya? Wa ya rasu?”

Na ce, “Ba wanda ya rasu. Hamisu zai koma, ba ni biyu masu kyau.”

Ya ce, “Duk masu kyau ne.”

Na ce, “Wannan ni zan faɗa, ba kai ba.”

Na gutsura na sa a baki. Ya tsaya yana kallona kamar lokacin da yake cusa rake. Ya yi furfura, Hamisu, ban san ya yi furfura haka ba. Na so in ce wani abu, abin da ya fito shi ne, “Ba laifi.” Ya ce, “Yaya, daga bakinka wannan ai lambar yabo ce.” Na tambaye shi Ɗanjuma, ya ce yana nan, sai dai ƙafa ta hana shi fita, kullum yana zaure. Ya ce har yanzu in aka yi zancen shekarar nan yakan ce akwai abin da bai gane ba.

Ka ci ɗaya, ka ji abin da na kora daga gidanmu. Ɗayar ka ba Tunde, ba sai ka yi masa bayani ba.

Shi ya sa ba zan raka ka tasha ba. Gobe in ka kama hanyar Ikara, ni Nasarawan Doya na nufa. Mutumin nan shekara ashirin yana neman abin da ya ɓata masa kasko bakwai, ni kaɗai na sani, kuma daga ni har shi ba mu da sauran lokaci mai yawa. Zan gaya masa a gaban Isiyaku, tunda a gaban mutane na kore shi. Bayan nan zan gaya masa cewa duk da haka bai kyauta ba da ya tsige ni ana cin abinci. Wannan ma sai ya ji.

Allah Ya kiyaye ka a hanya da masauki. Ya tsare ka daga sharrin mutane, Ya tsare mutane daga sharrinka. Ya ba ka ido mai ganin gaskiya ko da a kanka take. Ka riƙe salla a kan lokaci, wasa ba ya hana ta. Ka kira innarka in ka sauka, ba ta cin abinci sai ta ji muryarka. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya sa ka same ni da rai.

Ni ne mahaifinka,
Tanimu.